Ranar da Babanki Ya Ajiye Makullin Mota

Paarl,
Lahadi da la'asar, watan Oktoba.

Zuwa ga 'yata Rozanne,

Gaisuwa mai tarin yawa daga uwar da ke kewarki. Ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Denzil da jikokina Jody da Tamsin. Yaya aikin asibiti, yaya tsayuwa, yaya kuma sanyin Galway da kika ce ya fara shigowa? Allah ya ƙara miki ƙarfin jiki, ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga waɗanda kike jinya, ya raya mana yaran nan cikin tsoronsa. Mu nan sanyi ya ja da baya, kuringar inabin da ke bayan gida ta cika da sabon ganye. Ƙanenki Elroy yana lafiya, an mai da shi aikin safe, matarsa Berenice kuma cikinta ya tsufa har ta daina zuwa coci da ƙafa. Gwaggonki Sarie tana nan da ciwon gwiwarta, bakin kuwa lafiyarsa ƙalau. Lucinda ƙanwar mijinki ce za ta kawo miki wannan takarda, tare da ganyen shayin rooibos da busassun 'ya'yan itacen da Tamsin take so.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutun hannuna alhali kusan kullum muna magana a waya. Dalili shi ne duk lokacin da kika kira, babanki yana zaune kusa da ni, kuma kin san kunnensa ba ya barin komai ya wuce. Hotunan da na turo miki na tafiyar da kuka shirya mana ke da Denzil don cikarmu shekara arba'in da aure, duk gaskiya ne, mun yi dariyar da kika gani. Amma akwai abin da hoto bai ɗauka ba, kuma shi ne ya hana ni sukuni tun da muka dawo. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba, ba mutuwa aka yi ba, ba kuma hatsari, amma maganar tana da nauyi.

Kin san babanki da mota. Mutumin da ya yi shekara talatin da wani abu yana jan bas tsakanin Cape Town da Upington bai taɓa ƙwarzane ko fentin wani ba, kuma ba ya bari a manta da hakan. Tun kafin ranar tafiya ya wanke motar nan har sai da na ce masa zai goge mata launi. Ya duba mai, ya duba iskar taya, ya sa ni na soya kaza na dafa ƙwai kamar za mu ƙetare hamada. Da muka shiga ya ce, kamar kullum, kwandasta ta rufe ƙofa, direba ya shirya. Ni kuwa na ce masa direban ya tsufa, ya bi a hankali. Har muka kai Gordon's Bay ban lura da komai ba, sai dai na ga yana ɗan karkata kansa gefe ɗaya, kamar kaza mai kallon shaho. Na tambaye shi ko wuyansa ne, ya ce filon da na saya masa ne bai da kirki.

Daga nan muka kama hanyar nan ta jikin dutse, wadda kika sha yin amai a kanta kina ƙarama. Teku a hannun dama can ƙasa, dutse a hannun hagu, kwana bayan kwana. Rana ta fito sosai, ruwan ya yi shuɗi kamar an rina shi. Muna fitowa daga wata kwana sai ga gwaggon birai sun baje a tsakiyar kwalta, wata uwa da ɗanta a ƙirji tana zaune daidai kan farin layi. Na hango su tun daga nesa, na zuba ido ina jiran ya rage gudu. Bai rage ba. Na ce masa Tobias, birai. Bai ɗaga ƙafa ba. Sai da na daka masa tsawa sannan ya taka birki, kwandon abinci ya kife a baya, biran suka watse suna haushi. Ya yi dariya, ya ce ai ya gan su, so yake ya koya musu dokar hanya tunda ba su da lasin. Na yi dariyar ni ma, amma na ga yadda ya riƙe sitiyari, jijiyoyin hannunsa duk sun tashi. Sauran hanyar nan ban ƙara kallon teku ba, titi nake kallo.

A Betty's Bay muka tsaya wurin tsuntsayen fengwin. Suna nan yadda kika san su, da warinsu da kukansu irin na jaki, suna tafiya kamar dattawan coci ranar jana'iza. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne allunan bayanin da aka kakkafa a gefen gadar katako. Babanki da ba ya wuce allo bai karanta shi da ƙarfi ba, wanda ya sha tsayar da mu cikin rana don ya karanta mana tarihin wata gada, ranar nan ya wuce su ɗaya bayan ɗaya kamar babu su. Na ce masa yau malamin makaranta ya tafi hutu ne? Ya ce hasken rana ne ke dukan allon, in ina so in karanta masa. Na karanta masa. A nan ne na fara tuna wasu abubuwa na gida: jaridar da ya daina saya wai duk ƙarya ce a ciki, littafin waƙoƙin coci da yake riƙewa bai buɗe ba wai ya haddace, da wasan domino na ranar Asabar da ya bari wai abokansa sun cika maguɗi. Kowanne da dalilinsa, kuma kowane dalili ya yi kama da halinsa, shi ya sa ban taɓa haɗa su wuri ɗaya ba.

Da yamma muka isa Hermanus, muka ajiye kaya a masaukin da kika kama mana, muka fita kan duwatsun bakin ruwa inda jama'a ke taruwa kallon walvis, ƙattin kifayen tekun nan. Kin san bana sun zo da yawa haihuwa. Ba mu daɗe ba sai mutane suka fara nuni da hannu, wata ƙatuwa ta taso kusa ƙwarai, baƙa wuluk, da ɗanta a gefe, ta fesa ruwa sama har muka ji ƙarar numfashinta. Rozanne, ban taɓa ganin kifi mai girman nan kusa haka ba. Na kama hannun babanki ina ce masa ya duba. Ya ce ya gani, ya gani, wannan ai ta kai tsohuwar bas ɗinsa tsawo, ya miƙa hannu yana nunawa. Na bi yatsansa da ido. Wani baƙin dutse yake nunawa, wanda igiyar ruwa ke rufewa tana buɗewa, can hannun hagu. Kifin yana dama, kowa ya juya can, shi kaɗai ya juya hagu. Don in tabbatar, na ce masa ga ɗan nan a gefenta yana wasa, alhali a gefen dutsen babu komai sai kumfa. Ya ce ƙwarai kuwa, ɗan ma ya yi ƙiba, uwar tana da nono. Ya ci gaba da murmushi yana kallon dutse har jama'a suka fara watsewa.

Kifin da aka soya mana a wurin cin abinci ban san ɗanɗanonsa ba. Na yi ƙoƙarin jan maganar ta gefe, na ce masa tabaraunsa sun tsufa, in mun koma ya kamata a sake su. Ya ce tabaraunsa sun fi idon wasu matasa, in bar shi ya ci kifinsa. Na ce to gobe mu bar motar a masauki, mu ɗauki ta haya zuwa gonar inabin da kika tsara mana. Nan fa ya ajiye cokali, ya ce shi Tobias Fortuin ne zai zauna a bayan wani yaro da ya koyi tuƙi a waya? Ya ce in na gaji da direbana in faɗa masa a fili, ya san akwai zawarawa a coci masu jiran kujerar gaba. Kin san in ya fara irin wannan barkwanci, ƙofa ya rufe. Na yi tunanin kiran Elroy ya zo ya same mu, na kuma tuna cewa in na yi haka a bayan idonsa ba zai yafe mini da wuri ba. Na yi tunanin ɓoye makullin. Na yi tunanin in ce cikina ke ciwo. Har gari ya waye ban tsai da shawara ba, kuma da safe na same shi ya riga ya tayar da mota yana goge gilashi.

Hanyar kwarin da gonakin inabi suke ba ta da cunkoso, na ce a raina wataƙila Allah zai rufa asiri. Na zama idonsa ba tare da na faɗa ba, ina cewa ga kwana can, ga mai keke, kamar hira nake yi. Ya ce yau kwandasta ta sha shayi da yawa. Muna hawa wani ɗan tudu na sunkuya in ɗauko ruwa a ƙasan kujera, ina ɗagowa na ga tarakta tsaye a gabanmu a kan hanya, da tirela a bayanta cike da ma'aikatan gona, sun zauna a baki sun sako ƙafafu. Mu kuwa muna tafe kanta kai tsaye. Ban san abin da na faɗa ba, na san dai na dafe hannunsa. Tayoyi suka yi ƙara, motar ta ja ta tsaya, tsakanin hancinta da takalman mutanen nan bai fi kamu ɗaya ba. Wata mata ta janye ƙafafunta ta rungume gwiwa. Wani dattijo a cikinsu ya leƙo ya ce wa babanki, Kawu, lasin ɗin nan a kantin kayan miya ka saye shi? Sauran suka fashe da dariya irin ta wanda ya tsallake rijiya da baya. Babanki, wanda ba a taɓa jefa masa magana ta faɗi ƙasa ba, ya zauna yana kallon gaba. Da taraktar ta matsa, ya ja motar a hankali kamar mai tafiya kan ƙwai har muka shiga ƙofar gonar, wadda Allah ya sa tana kusa.

Wurin yana da kyau, kin iya zaɓe. An zaunar da mu a ƙarƙashin wata bishiya, ga layukan inabi sun gangara, ga teku can nesa tsakanin duwatsu biyu. Wata mata mai fara'a ta jera mana kofuna, tana zuba ruwan inabi kaɗan kaɗan tana bayani, wannan na gangaren da ke kallon teku ne, wancan ya kwana a ganga. Ta ajiye mana ɗan bokitin da ake tofarwa. Ke shaida ce, tunda kike ba ki taɓa ganin babanki ya kai kofi baki da makulli a aljihunsa ba. Ko a bikin aurenki lemo ya sha don shi zai mai da Gwaggo Sarie gida. Tun a gida ya ce mini shi sunsunawa kawai zai yi, ni in sha a madadinmu. To sai ga shi ya ɗauki kofin farko, ya lalubo shi da yatsu tukuna, ya shanye tas. Matar ta nuna masa bokitin cikin ladabi, ya ce mata 'yata, abin da mutane suka yi shekara suna wahala a kansa ba za a tofar da shi a gabansa ba. Ya shanye na biyu, ya shanye na uku. Ya jawo nawa da ban taɓa ba, ya ce kada a yi asara. Ina kallonsa, tsoro ya kama ni, na ce a raina ido babu, ga kuma abin sha a kai, yau ta ina za mu koma?

Da aka kawo na ƙarshe, ja mai duhu, ya riƙe kofin ya daɗe bai sha ba. Sannan ya shanye, ya sa hannu a aljihu ya fito da makullin mota, ya ajiye a kan tebur, ya turo shi gabana. Ya ɗaga murya yadda har mutanen teburin kusa za su ji, ya ce to jama'a ku shaida, direba ya sha, doka ta hana shi tuƙi, yau an yi wa kwandasta ƙarin girma. Mutane suka yi dariya, wani ma ya tafa masa. Ni ban yi dariya ba, domin a lokacin na gane. Abin da aka zuba masa duka bai isa ya bugar da mutum mai jikinsa ba. Da gangan ya sha, don ya sami dalilin da zai miƙa makullin nan ba tare da ya ce ba ya gani ba. Hanyar da ya samu ke nan, kuma na bar masa ita. Na ɗauki makullin na ce masa dama na daɗe ina jiran wannan kujera, mashayi ya koma gefen fasinja.

Ki tuna fa, lasina na same shi ne Elroy yana goye, kuma rabona da sitiyari tun lokacin da aka yi wa babanki aikin ƙaba. Na zauna, ƙafata ba ta kai ba sai da muka jawo kujera. Motar ta mutu sau biyu kafin mu fita ƙofar gonar. Shi kuwa ya jingina kai ya rufe ido, da kunne yake tuƙin. Da ya ji injin ya yi kuka sai ya ce Nella, sa giya ta uku, motar nan ba ta yi miki laifin komai ba. In na saki kuloci da sauri ya ce a hankali, ba tabarma kike kakkaɓewa ba. Motoci suka yi layi a bayanmu, wani ya matsa mini hon, na ji kamar in tsaya in fita in bar musu motar. Ya ce in ƙyale su, sannu ba ta hana zuwa, duk mai sauri ya yi fiffike. Haka muka gangaro har masauki, ina karanta duk addu'ar da na sani. Da na kashe motar na kifa kai a sitiyari na yi kuka. Ya dafa bayana, ya ce fakin ɗin ya karkace amma an ci jarrabawa.

Washegari ne abin ya fi ba ni tsoro, domin babu sauran ruwan inabin da za a fake da shi. Muka fito da jakunkuna, ya tsaya a gaban motar, ni ma na tsaya, makullin yana jakata. Ban tambaye shi ba, na wuce ƙofar direba na buɗe. Ya ɗan jima a tsaye, sannan ya ce kansa na sarawa, abin jiya bai sake shi ba, ya zagaya ya shiga ɗaya gefen. Muka kama hanyar Struisbaai ta cikin gonaki. Ina tuƙi ina ba shi labarin abin da muke wucewa, ga tumaki, ga jiminu uku a bakin waya suna kallonmu, ga gauraki a cikin alkama. Yana cewa to, to. Bai ƙara cewa ya gani ba.

A bakin tekun Struisbaai ya faɗa mini. Mun cire takalma muna tafiya a kan farin yashin nan mai tsawo, babu kowa sai masu kamun kifi can nesa, ya riƙe hannuna yadda bai yi ba tun muna saurayi da budurwa. Ya ce tun wajen Ista abin ya fara a idon dama, kamar an shafa toka a tsakiyar duk abin da ya kalla, gefe yana gani, tsakiya babu. Ya ce yana rufe shi ya yi aiki da na hagu, to yanzu na hagun ma ya fara, sandar fitilar titi sai ya gan ta a lanƙwashe, fuskata kuma in ya dube ni kai tsaye sai gashi da kunnuwa. Ya ce jiya a hanyar gona bai ga tarakta ba sam, sai da ya taka birki ya hango takalma suna lilo ta gefen idonsa, kuma tun daga lokacin takalman nan ba su bar shi ba. Raina ya ɓaci, na ce masa ashe da rayukanmu yake caca, da na bayin Allah masu neman abincinsu, mutumin da ya sha korar ƙananan direbobi saboda hamma kawai. Bai kare kansa ba. Ya ce in tuna mahaifinsa, kakanki da ba ki sani ba, wanda ya makance a ƙarshen rayuwarsa. Ya ce da safe a fito da shi a ajiye a rana, da yamma a shigar da shi, kamar shanya, mutane suna magana a kansa ba da shi ba. Ya ce Nella, ni ba na son a riƙa shanya ni. Muka tsaya ruwa yana zuwa yana wanke mana ƙafafu, mai sanyi kamar ƙanƙara, har sai da na daina jin yatsuna.

Ni na tuƙo mu gida ta babbar hanya, na haye tudun nan da manyan motoci a gaba da baya, kada ki tambaye ni yadda na yi. Cikin makon na kai shi wurin likitan ido, da ƙyar, sai da na ce in bai bi ni ba zan faɗa wa fasto a gaban jama'a. Likitar ta ɗiga masa magani, ta ɗauki hoton cikin idon, ta nuna mini a allo. Ta ce wasu ƙananan jijiyoyi ne ke tsiyaya a bayan idon, a daidai wurin da mutum ke gani da shi sosai. Na dama ta ce an makara, abin da ya tafi ba zai dawo ba. Na hagu ta ce akwai fata in an yi sauri, amma maganin allura ce da ake yi a cikin ƙwayar idon kanta, kuma ba sau ɗaya ba, wata bayan wata. Ta sa mana ranar Alhamis ta makon jibi, ta ce kada mu ɗaga, domin irin wannan ba ya jira. Babanki ya yi mata godiya da ladabi. Muna fita ya ce mini babu mahaluƙin da zai soka masa allura a ido yana kallo, wanda ya ba shi idon ya san ranar da zai karɓa. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi shiru, duk ɗaya. Jiya na same shi zaune a cikin motar a tsakar gida, a kujerar direba, injin a kashe.

Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami. Lucinda za ta iso ki kafin ƙarshen mako, saboda haka kina da 'yan kwanaki. Ke ce kaɗai babanki ke jin maganarki, tun kina 'yar ƙarama kike juya shi, ga shi kuma aikinki ne. Ki kira shi ta wayarsa, ba tawa ba. Kada ki yi masa faɗa, na riga na yi wanda ya isa, kada kuma ki yi kuka ya ji, in ya ji kukanki zai ce ya zama abin tausayi ya ƙara ƙulle kansa. Ki yi masa bayani yadda kike yi wa tsofaffinku na can: ko allurar tana da zafi, ko ana kashe wurin tukuna, ko kin ga waɗanda aka yi wa suka ci gaba da karatu. Ni ma ki faɗa mini gaskiyar abin a gefe, don likitar ta yi magana da sauri, rabi kawai na riƙe. Kada ki sa wa ranki cewa tafiyar da kuka shirya ce ta jawo, da ba don ita ba da har yanzu yana yawo da motar nan a cikin gari, inda yara ke tsallaka titi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma gara da ta zo muna tare. Kada ki yi saurin sayen tikitin jirgi, ki bari mu ga yadda Alhamis za ta kasance. Elroy bai sani ba tukuna, babanki ya ce shi zai faɗa masa da bakinsa, na ba shi zuwa Laraba.

Ina cikin rubuta wannan sai ga shi ya shigo kicin neman shayi. Ya tsaya a bayana ya karkata kai yana kallon takardar, na san ba ya iya karanta ko kalma ɗaya. Ya tambaya wa nake rubuta wa doguwar wasiƙa haka, na ce Rozanne. Ya ɗora ruwan shayinsa. Sannan ya ce to in rubuta miki duka, kada in rage, amma in tabbatar na sa cewa bai taɓa kowa ba, ko a ranar ma birkinsa ya kama. Ga shi na sa. Ya kuma ce in gaya miki uwarki tana tuƙi kamar mai jan amalanke, kuma in har za a kai shi wani wuri ranar Alhamis, sai an fara koya mata ribas. Ban san ko wannan amincewa ce ko wasa ba, ban kuma tambaya ba don kada ya janye. Ki kira shi dai, 'yata, kada ki dogara da wannan.

Ki gaishe mini da Denzil, ki yi masa godiya a madadinmu, ki faɗa masa masaukin ya yi kyau. Ki sumbaci Jody da Tamsin, ki ce wa Jody kakansa ya tsinto masa bawon katantanwa a Struisbaai, yana cikin ƙullin shayin, ki cire a hankali kada ya fashe. Elroy da Berenice suna gaishe ku, Gwaggo Sarie ta ce a tuna miki da man zafin da kika yi mata alkawari, matan ƙungiyarmu ta coci kuma kullum sai sun tambaye ki. Ki sa babanki a addu'a, ki sa ni ma, don gobe da safe zai fita da ni filin bayan coci koyon ribas. Allah ya tsare ku, ya haɗa fuskokinmu da alheri tun yana iya ganin taki.

Mahaifiyarki mai ƙaunarki,
Petronella Fortuin